Zanen Iska na Jirgin Ruwa: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Neman Canji Cikin Rahusa

Jihar Katsina ba ta da teku, amma tana da ruwan da ya ishi ƙaramin jirgi yawo: dam ɗin Zobe da ke Dutsin-Ma, na Jibiya, na Ajiwa kusa da birni, da na Sabke a ƙasar Daura. Tsadar fetur kuwa ta isa ta sa mai jirgi ya waiwayi iska. Tambayoyin da ke ƙasa na waɗanda ba tsere ne a gabansu ba. Mutum ne ke son ya fita da la'asar ya sha iska ko ya jefa ƙugiya, ya dawo kafin magariba, ga zanensa ya tsufa, sabo kuma da dala ake sayensa.

Me ake nufi da zanen iska? Ba filafili ake cewa ba?

Wasu na cewa filafili, amma a bakin masunta filafili shi ne abin tuƙi na hannu, don haka a nan za mu ce zanen iska, wato yadin da ake ɗagawa iska ta tura jirgi. Doguwar sandar da ke tsaye ita ce jigo, wadda ke kwance a ƙasan zanen kuma sandar gindi. Zane mai kusurwa uku gefe uku gare shi: gefen jigo, gefen gindi, da gefen baya wanda ba ya jingine da komai. Jirgin da ke da zane biyu, na bayan jigo shi ne babban zane, na gabansa zanen goshi. A riƙe waɗannan sunaye, da su za a yi bayanin awo da ɗinki.

Malam, ta yaya zan gane zanena ya mutu ne ko gyara kawai yake so?

Shimfiɗa shi a inuwa ka yi gwaji uku. Na farko, ka sa farcen babban yatsa ka kankari zaren ɗinki a gefen baya. Idan zaren ya tsinke ko ya zama kamar gari, zare ne ya ƙone, ba lallai yadin ba, kuma maimaita ɗinki ba ya cin kuɗi. Na biyu, ka soka babbar allura a yadin kusa da gefen baya ka ja ta gefe da ɗan ƙarfi. Yadi mai rai zai riƙe allurar. Wanda rana ta cinye zai tsage ɗar, kamar tsohuwar jarida. Irin wannan ko ka yi masa faci, gefen facin ne zai sake yagewa, asarar zare ce kawai.

Na uku sai a kan ruwa. Ka ɗaga zanen iska ta cika shi, ka tsaya a ƙarƙashinsa ka dubi sama. Zane mai lafiya yana da ɗan ciki, kuma zurfin cikin yana kusa da jigo, wajen kashi 40 cikin 100 na faɗinsa daga gaba. Idan cikin ya koma baya ya zama jaka, jirgi zai riƙa kwantawa gefe maimakon ya ci gaba. Ga mai yawon shan iska wannan bai zama hukuncin kisa ba. Muddin yadin ya ci gwajin allura, ana iya rage cikin, kamar yadda za a yi bayani a gaba, a tambayar gyaran zanen hannu.

Me ya fi kashe zane a ƙasarmu?

Rana. Ba iska ba, ba ruwa ba. Duk wanda ya taɓa barin buhun taki a kan danga wata biyu ya dawo ya taɓa shi ya ga ya ruguje a hannunsa, ya riga ya san abin da hasken rana ke yi wa zaren roba. Yadin zane ya fi buhu juriya nesa ba kusa ba, amma ciwon ɗaya ne, kuma ranar Katsina daga Maris zuwa Mayu ba ta da sassauci. Zanen da aka bari naɗe a jikin sandar gindi ba rufi, sashen da ke sama ne zai ƙone layi-layi, sauran yana nan kamar sabo.

Na biyu shi ne kaɗawa. Duk lokacin da aka bar zane yana faf-faf a iska ba aiki, zaruruwansa na karyewa. Na uku ƙurar hunturu, wadda ke shiga tsakanin zare tana gurzarsa. Shi ya sa duk shawarar da ke wannan shafi ta karkata ga abu uku: awo na gaskiya, zare mai jure rana, da rufi. Babban suna a jikin zane ba ya hana ko ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka.

Wace hanya ce ta fi sauƙin kuɗi?

Daga mafi araha zuwa sama: maimaita ɗinkin wanda kake da shi, ɗinka sabo da tampol a gida, sayen na hannu, sai kuma odar sabo daga waje. Mai kwale-kwale ko jirgin katako da bai wuce mita 6 ba, tampol ya ishe shi, kuma babu abin kunya a ciki. Mai jirgin da aka ƙera a masana'anta, irin Laser ko Sunfish ko Hobie 16, na hannu ya fi dacewa da shi, domin awonsu sananne ne a duniya kuma zanensu na yawo da yawa. Oda daga waje ta mai jirgin da ya haura mita 6 ce, mai ɗaukar iyali, inda yagewar zane a tsakiyar ruwa ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Yaya ake awo? Ba zan iya auna tsohon kawai ba?

A'a. Tsohon ya miƙe a wani gefe, ya tsuke a wani, kuma mai yiwuwa tun farko ba na jirginka ba ne. Jirgi ake aunawa. Ɗaura bakin tef ɗin awo a igiyar ɗaga zane, ka haɗa da wata siririyar igiya da za ka jawo ta ƙasa da ita, don kada ta maƙale a sama. Ja har ƙarshe, ka karanta zuwa saman sandar gindi. Daga abin da ka samu ka cire santimita 10 zuwa 15, saboda sabon yadi yana ɗan miƙewa, kuma dole a sami wurin tamke shi. Sai ka auna sandar gindi daga jikin jigo zuwa inda igiyar da ke jan kusurwar zane take, ka cire santimita 5 zuwa 10. Na ƙarshe shi ne daga saman jigo zuwa ƙarshen sandar gindi, bayan ka ɗaga ta daidai yadda ba za ta bugi kan wanda ke zaune ba. Wannan awon ne mutane suka fi mantawa, kuma shi ke sa a ga sanda tana share kawunan fasinja.

Masu sayarwa na waje da haruffa huɗu suke magana. P shi ne tsawon jigo daga sandar gindi zuwa sama. E tsawon sandar gindi. I tsawo daga bene, wato daɓen saman jirgi, zuwa inda wayar goshi, wadda ke riƙe jigo ta gaba, ta kama shi. J daga gaban jigo zuwa inda wayar ta sauka a goshin jirgi. Shafin SailboatData yana da waɗannan lambobi na dubban jirage, amma ka ɗauke su a matsayin abin gwadawa, domin tsohon mai jirgin ya yiwu ya yanke jigo ko ya canza sanda.

Ka kuma duba yadda zane ke kama jigo: igiya ce da ke shiga cikin kwarin da ke jikin jigo, ko 'yan maƙalai masu zamewa, ko hannun riga da ake zura jigon a ciki kamar na Laser, ko ɗauri da igiya. Idan kwari ne, auna faɗinsa da milimita. Bambancin milimita 2 ya isa ya hana zane hawa. Ka rubuta komai da mita ko komai da ƙafa, kada ka gauraya. Ƙafa ɗaya santimita 30.48 ce.

Kwale-kwalena bai taɓa ɗaukar zane ba. Wane girma zan sa?

Ƙarami. Kwale-kwale mai tsawon mita 5 zuwa 6 murabba'in mita 3 zuwa 4 ya ishe shi. Lissafin mai kusurwa uku shi ne tsawon gefen jigo sau gefen gindi, a raba biyu: mita 4 sau mita 2, rabinsa 4. Don kwatance, jirgin Optimist na yara yana da kimanin 3.3, cikakken Laser 7.06, Sunfish kusan 7, Hobie 16 kuwa wajen 20, amma shi gangar jiki biyu gare shi.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne gwaji da sassafe, iska na lumfashi, sai su ce zanen ya yi kaɗan. Ƙarfin da iska ke dannawa ba ya tafiya daidai da saurinta. Idan saurin ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Zanen da ya yi maka kaɗan da hantsi, shi zai fi ƙarfinka idan iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas. Gajere mai faɗi kuma ya fi dogo siriri aminci, domin dogon jigo ne ke kifar da siririn jirgi.

Wane yadi ne na ainihi, kuma wane nauyi zan nema?

Dacron, wato saƙaƙƙen foliyesta da aka matse aka shafa masa sinadari. Shi ya kori auduga daga wannan aiki a shekarun 1950, kuma har yau shi ne yadin mai yawon shaƙatawa. Ana faɗin nauyinsa da oza, kuma ozar masu wannan sana'a a Amurka ta kai kimanin giram 43 a murabba'in mita. Jirgin da bai kai mita 5 ba, oza 4 ta isa, wato wajen giram 170. Mita 6 zuwa 8, oza 5 zuwa 6. Mita 9 zuwa 10, oza 7 zuwa 8. Kada ka ce bari in sayi mai kauri ya daɗe. A ranar da iska ba ta da ƙarfi zane mai nauyi rataye zai yi kamar bargo, ba zai cika ba.

Za ka ga wasu masu sheƙi kamar leda, baƙaƙe ko ruwan zinariya, da zaren Kevlar ko kabon a ciki. Na 'yan tsere ne. Sun fi tsada, ba sa son naɗewa, zafi da laima na ɓamɓare su, kuma babu telan da zai gyara maka su a nan. Ko an ba ka da araha, bar su. Nailan kuma na zanen balan-balan ne da ake bin iska da shi kawai, yana miƙewa da yawa.

To tampol fa? Wanne zan saya?

Saƙaƙƙen tampol na roba, fari idan da hali, mai nauyin giram 170 zuwa 200 a murabba'in mita. Idan babu rubutu a jikin ledarsa, ka sa a ɗora a sikeli: mai mita 4 sau 5 ya kamata ya kai kilo 3 da rabi zuwa 4. Ɗaga shi sama ka duba ta rana. Idan kana ganin ramukan saƙa ɓaro-ɓaro, bai yi ba. Siririn shuɗin nan da ake shanya hatsi a kai araha gare shi, amma araha ba ta ado, kafin kaka ya fara ɓarewa. Ka fara dubawa a babbar kasuwar Katsina wajen masu kayan rumfa, in ba a dace ba sai Sabon Gari a Kano.

Fari ya fi domin ba ya ɗaukar zafi kuma ana hango shi daga gaɓa. Ka sayi wanda ya fi zanenka girma da aƙalla rabin mita kowane gefe, saboda bakinsa da zobbansa na kamfani duk yankewa za a yi, ragowar kuma ita ce facin kusurwa. Tampol ba zai yi rayuwar Dacron ba. Amma wanda ake saukewa a ɓoye bayan kowace fita yana iya ganin damina biyu ko uku, kuma kuɗin sake shi bai taka kara ya karya ba.

Buhunan taki, fleks na talla, ko kakin auduga za su yi?

Buhu zai kai ka tsallake idan iska na bayanka, masunta sun daɗe da sanin haka. Sai dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: iska na bi ta saƙarsa, rana kuma na gama da shi cikin 'yan watanni. Fleks na allon talla ya yi nauyi ƙwarai, yana ninka tampol sau biyu ko fiye, sai dai a yi rufi da shi. Kakin auduga yana aiki, da shi duniya ta yi tafiya kafin Dacron, amma yana shan ruwa ya yi nauyi, yana tsukewa, kuma idan aka naɗe shi da danshi fumfuna za ta cinye shi. Wanda ya zaɓe shi ya jiƙa yadin ya shanya tukuna kafin a yanka.

Wane tela zan kai wa, kuma me zan ce masa?

Ba telan kaftani ba. Ka nemi mai ɗinkin rufin Keke Napep, ko mai ɗinkin tampol na manyan motoci, ko mai kujerun kushin. Su ke da keke mai ƙarfi da ya saba cin ninki huɗu. Ka je da zarenka, kada ka bar masa zaɓi, domin abin da ke kan kekensa yawanci nailan ne ko auduga. Nailan rana na cinye shi da wuri, auduga kuma ruɓewa take yi. Abin nema shi ne foliyesta mai jure rana, lamba V-69 ga ƙaramin zane da allura mai lamba 18, ko V-92 ga babba da allura mai lamba 20.

Ɗinkin zigizag ya fi, domin yana miƙewa tare da yadi. Idan kekensa miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, ka ce ya buɗe taku zuwa milimita 5 ko 6, ya yi layi biyu. Tela ya saba ganin ƙanƙanin taku a matsayin gwaninta, don haka sai ka yi masa bayani da ladabi: “Maigida, a wannan aikin ramuka kusa-kusa kamar layin yage rasit suke, nan zai tsage.” Inda yadi biyu suka haɗu su hau juna da santimita 2. Kada a kusanto da dutsen guga, tampol narkewa yake yi. Idan Dacron ne, a yanka shi da wuƙa mai zafi don bakin ya like.

Yaya ake yanka shi ya yi ciki, ba ya zama shimfiɗaɗɗe kamar zanen gado ba?

Ga misalin mai mita 4 sau 2. Share daɓen siminti, shimfiɗa tampol, danne shi da bulo. Ja layukan gefe uku da zare da alli, ka sa gefen baya ya bi layin saƙa, domin nan ne ja ya fi yawa, kuma yadi ba ya miƙewa ta tsawon zarensa kamar yadda yake yi ta karkace. A gefen jigo, ka auna kashi ɗaya cikin uku daga ƙasa, ka fita waje da santimita 6 zuwa 8, ka lanƙwasa siririn bututun ruwa ya bi ta kusurwar sama, ta wannan alama, zuwa kusurwar ƙasa, ka zana. Wannan ɗan tudu, idan aka ɗaure shi a miƙaƙƙen jigo, shi ke komawa ciki ya zama cikin zane. A gefen gindi ka yi haka da santimita 4 ko 5. Gefen baya kuwa akasin haka: ka shigo ciki da santimita 5 a tsakiya, don kada ya riƙa kaɗawa.

Daga kusurwar gindin jigo ka ɗinke wata kalmasa mai siffar tsinin mashi, tsawonta santimita 50 zuwa 60, bakinta santimita 6, tana nuna tsakiyar zane. Ka bar santimita 5 kewaye don kalmasar baki, ka zura igiyar foliyesta mai kaurin milimita 6 a gefen jigo da na gindi. Kowace kusurwa a yi mata faci uku a jere, santimita 40, da 30, da 20, babban a ƙasa. Kusan duk zanen gida da ya lalace, a kusurwa ya fara.

Zobba su zama na tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa, ɗaya duk bayan santimita 30 a gefen jigo. Na baƙin ƙarfe damina ɗaya za su yi tsatsa su ci yadin. Idan ba a samu masu kyau ba, a ɗinka madaukai da ɗamarar jakar makaranta, ta fi mugun zobe. Kafin a kai keke, a manne komai da salatif mai fuska biyu, domin tampol santsi gare shi.

Ina ake samun na hannu, kuma me zan tambaya kafin in biya?

A cikin gida, Legas. Can ne ake da kulob-kulob na masu wannan wasa, ciki har da Lagos Yacht Club da aka kafa a 1932. Ɗan tsere yakan ajiye zane da zarar siffarsa ta ɗan sauya, alhali yadin na da sauran shekaru, kuma wannan ne rabon mai yawon la'asar. A waje akwai dillalan da sana'arsu ke nan, irin Bacon Sails a Annapolis ta Amurka, masu jera kaya da awo da darajar kowanne.

Gani ya kori ji. Idan ba za ka je ba, ka tura wanda ka yarda da shi, ko ka nemi bidiyo: a shimfiɗa zanen, a ja tef a gefe uku kana kallo, a nuna kusurwoyi kusa, a kankari zare da farce, a yi gwajin allura da aka faɗa a sama. Ka tambayi nauyin yadi da irin maƙalan gefen jigo. Tabon tsatsa ko na ƙasa ba komai ba ne, kafar neman ragi ce ma. Abin gudu shi ne yadin da ya yi laushi tuɓus kamar tsohuwar atamfa, ko wanda gefen bayansa ya canza launi. Zanen allon tsayuwa na masu wasan igiyar ruwa kuma kada ya ruɗe ka da araha, an yanka shi ne don jigo mai lanƙwasa sosai, ba ya zama a miƙaƙƙe.

Na samu na hannu amma bai yi daidai ba. Ana iya gyarawa?

Wanda ya gaza da santimita 20 ko 30, ka sa shi haka nan, ba za ka ji bambanci ba. Wanda ya yi yawa ana rage shi, kuma ragi daga gindi ya fi sauƙi: a yanke, a sake facin kusurwa biyu na ƙasa. Idan ragin ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100, siffar za ta lalace, gara a nemi wani. Mai jakar ciki kuma, a farke gefen jigo, a rage tudunsa da santimita 2 ko 3, a mayar da igiya. Sau da yawa ma igiyar ce ta tsuke ta tattare yadin. Farke ta daga ƙasa ka bar ta ta shige ciki, ka ƙara guntuwa, sai ka ga zane ya miƙe.

Idan sabo zan yi oda daga waje, ta ina zan rage kuɗi?

Masana'antun da ke Hong Kong, da Phuket ta Tailan inda kamfanin Rolly Tasker yake, da Cape Town ta Afirka ta Kudu duk suna ɗinki bisa awon da aka tura musu. Ka nemi farin Dacron, yankan kwance na gargajiya, ba wanda layukan ɗinkinsa ke bazuwa daga kusurwoyi ba. Ka ce ba ka son lamba, ba ka son tambari, ba ka son launi. Mai Laser ya nemi zanen atisaye, wanda ba shi da hatimin shiga gasa. Awonsu ɗaya, kuɗinsa ƙasa sosai. Abin da ba a ragewa shi ne layin rage zane, da facin kusurwa, da siririyar igiyar gefen baya.

Farashin da ke shafin kamfani ba shi ne kuɗin ba. Ka haɗa da jigila, da kuɗin kwastan, da canjin dala na ranar biya, ka nemi a rubuta maka jimilla har zuwa Kano. Kamfanonin jigila na caji da girman kwali idan ya fi nauyinsa, don haka a naɗe zane ba tare da siraran sandunan da ake zurawa a jikinsa ba, ka yanka naka a nan. Mutum biyu ko uku su haɗa oda ɗaya ya fi sauƙi. Kuskuren awo kuwa a wuyanka yake, ba a mayarwa, sai ka koma tambayar awo ka auna sau biyu, rana daban-daban.

Mene ne layin rage zane, kuma dole ne?

Dole ne. Jerin zobba ne da 'yan igiyoyi a kwance, sama da gindin zane, da ake sauke zanen zuwa gare su a ɗaure ragowar idan iska ta yi ƙarfi. A zane mai mita 4 sau 2, layi a santimita 80 daga gindi yana mayar da shi kimanin murabba'in mita 2.6, an rage fiye da kashi ɗaya cikin uku ke nan. Zobba biyu na bakin layin su ke ɗaukar nauyi, a yi musu faci kamar na kusurwa. Na tsakiya tattara yadi kawai suke yi, kada a tamke su.

Idan ka ga farin kumfa ya fara yawa a kan ruwa, lokacin ragewa ya yi. Hadarin farkon damina kuwa, wanda ke tasowa daga gabas da jan ƙura a gabansa a watan Mayu da Yuni, ba a rage masa zane. Saukewa ake yi gaba ɗaya a nufi gaɓa tun yana nesa. Igiyar da ke jan sandar gindi kuma a hannu take zama, ba a ɗaure ta a ƙaramin jirgi, don sakinta ne ke hana kifewa.

Na sa sabon zane, amma jirgin gefe yake tafiya. Laifin tela ne?

Da wuya. Kwale-kwale ba shi da abin da ke riƙe shi a cikin ruwa, don haka in ba iska na bayansa ba, zamewa zai yi. Maganinsa allon gefe: katako mai kaurin santimita 2 zuwa 2 da rabi, faɗin 25, wanda santimita 65 nasa ke nutse a ruwa, an ɗaure shi da ƙusa mai juyawa a gefen jirgi daidai tsakiyar zane. Idan jirgi na yawan juya goshi cikin iska, matsar da allon baya kaɗan. Idan yana gudun iska, matsar da shi gaba. Ɗan juyawa cikin iska shi ake so, domin idan abin tuƙi ya kuɓuce jirgin tsayawa zai yi.

Akwai wanda ya kamata in sanar kafin in shiga ruwa?

Akwai. Ka gaida Sarkin Ruwa na wurin, shi ya san inda kututture yake a nutse, da inda aka shimfiɗa raga, da yanayin tsaron gaɓar da za ka. Ka kuma nemi izinin ma'aikatan dam, musamman irin Ajiwa da birni ke sha daga gare shi. Rigar kariya ga kowa da ke ciki, yara kafin manya, da filafili biyu ko da zane sabo ne.

Yaya zan adana shi ya daɗe?

Sauke shi duk lokacin da ka dawo. Idan dole ya kwana a sandar gindi, a ɗinka masa riga da kaki mai kauri ko ragowar fleks, a bar ƙasanta a buɗe iska na shiga. A lokacin hunturu ka riƙa ɗauraye shi da ruwa zalla duk bayan 'yan makonni. Idan ya yi datti, sabulu mai laushi da soso, ban da bilic, ban da burushin waya. Tabon tsatsa lemun tsami da gishiri na rage shi, a ɗauraye sosai bayan nan.

Ya bushe ƙarau kafin a naɗe. Naɗin tabarma ya fi ninkewa, in kuwa an ninke kada a riƙa bin layi ɗaya kullum. A sa a buhu a rataye a rufin ɗaki, nesa da ƙasa saboda gara da ɓeraye, nesa da batir da jarkar mai, kuma ba dab da kwano ba inda zafi ke narkar da manne. A cikin jirgi kuma a ajiye 'yar jaka da allura biyu, zare, ƙyallen faci da salatif mai ƙarfi. Tsagar da ba ta wuce tsawon yatsa ba a manne ta ciki da waje nan take, a zagaye kusurwoyin facin da almakashi don kada su ɗago, a ɗinke idan an sauka gaɓa.